Tsiron furena yana kwanciya ya mutu a tukunya: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, na shuka irin furanni masu rayuwa shekara da shekaru a tukwane. Sun tsiro da kyau, amma kafin mako 2 sai karan ya sirance daga gindi, tsiron ya kwanta. Na zuba tsakuwa a ƙasan kowace tukunya kamar yadda mai sayar da iri ya ce, kuma safe da yamma ina ba su ruwa. Ko irin ne ba shi da kyau?

Amsa: Malama, irin da ya tsiro ya riga ya nuna lafiyarsa. Abin da kike gani ruɓewar gindin tsiro ne, wadda ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ke haddasawa, kuma ba abin da suke so kamar ƙasa mai jiƙe kullum. Tsiron da ya kwanta ba ya tashi. Ki cire shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi.

Batun tsakuwar nan kuwa ya ishe ni. Kowa ya ji daga bakin wani sai ya maimaita, wai tana sa ruwa ya wuce. Ba ta sa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin tsakuwa sai ƙasar ta sha ta ƙoshi. Ki jiƙa soson katifa ki ɗora kan tsakuwa, za ki ga ya riƙe ruwansa. Kowace tukunya tana da wani sashe a ƙasanta da ke zama jiƙe bayan ban-ruwa. Da kin zuba tsakuwa mai kaurin santimita 5, kin ɗago wannan sashen sama har santimita 5, daidai inda saiwa ƙarama ke neman iska. Ga shi kin rage wa saiwar wurin zama. Masu ba da wannan shawara sukan ƙara da cewa a barbaɗa takin zamani don tsiron ya farfaɗo, takin kuma ya ƙone abin da ya rage. Abin da ke fitar da ruwa shi ne huji a gindin tukunya, 3 ko 4, da ƙasar da iska ke ratsawa.

Ki wanke tukwanen ki sake. Ki haɗa kashi 2 na zaren ɓawon kwakwa, kashi 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da kashi 1 na takin da ya ruɓe sarai, a tankaɗe. Zurfin binne iri kada ya wuce ninki 2 na kaurinsa. Ƙwayoyin iri ƙanana sosai a danna su kawai a saman ƙasa. Ban-ruwa ta ƙasa ya fi: ki tsayar da tukunyar cikin faranti mai ruwa minti 15, ki cire, kada ki sake sai saman ƙasar ya fara bushewa. Ki rage cunkoso, ki ajiye su inda akwai haske da iska.

Idan ganyen gaskiya, wato wanda ke fitowa bayan ganyen tsiro na farko, ya kai 4, ki dasa kowanne a tukunya mai zurfin santimita 25 zuwa 30, sannan ki fara taki na ruwa, rubu'in abin da aka rubuta a kwalba. Kada rashin fure ya tayar miki da hankali: a cikin furanni masu rayuwa shekara da shekaru, wadda ake kira gailardiya takan yi fure a shekarar farko, amma wadda ake kira ekinasiya yawanci sai ta biyu.