Na ɗaya da na ƙarshe: amsa ga ɗana kan auna karatun yara

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali.

Saƙonka ya iso. Ka ce an zaɓe ka cikin kwamitin kula da lakol ɗin unguwarku nan Maraɗi, kuma kana tambaya kan al'adar ƙarshen shekara, wadda ake tara yara a fili, direkta ya karanta sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, a ba ukun farko kaye da bik. Kana son sanin daga ina ta fito, kuma ko ita kaɗai ta isa ta nuna makaranta tana aiki.

Da lakol ta zo mana, tun zamanin Faransawa. Makarantar allo ba ta san ta ba. Can malam ba ya jera almajirai. Kowa yana biya allonsa, in ya iya ya wanke, a ƙara masa, kuma in aka tambayi yaro sai a ce yana izu kaza, bara yana izu kaza. Wannan shi ne auna ci gaba, kuma ka ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jerin suna kuwa abu ɗaya yake faɗi: wa ya fi wa a ajin. Ajin da duka yaransa ba su iya karatu ba shi ma yana da na ɗaya. Ban ce a bar bikin ba, yana sa himma, iyaye ma suna zuwa saboda shi. Kiran na ƙarshe a gaban jama'a ne ban yarda da shi ba, don yana korar yaro daga aji.

Mwayen ma, wato matsakaicin makin da yaro ya samu a duka darussa, kar ka jingina da ita da yawa. A firamare ana ba da maki bisa 10, wanda ya sami 5 ya wuce. A kolej bisa 20 ne. Amma malamin aji ne yake tsara jarrabawarsa, shi yake gyarawa, don haka 6 ta Bagalam ba lalle ta zama 6 ta Tibiri ba. Sannan makin harda da waƙa da zane suna ɗaga yaron da ya faɗi karatu da lissafi. Haka ake samun ɗan CM1, wato aji biyar, mai mwayen da ba ya iya haɗa baƙaƙe. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci take yi, ya tona wannan: a 2014 fiye da 90 cikin 100 na ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba, a 2019 kusan 30 cikin 100 ne suka kai. Sai dai PASEC zaɓen makarantu yake yi, ba zai gaya maka halin taku ba. Wannan aikinku ne.

Ga yadda ake yi. Ku auna yaro ɗaya sau uku a shekara: ƙarshen Oktoba, lokacin da waɗanda girbi ya riƙe suka dawo, sai Fabrairu, sai ƙarshen Mayu kafin damina ta fara janye su. Awon na baki ne, yaro ɗaya bayan ɗaya, kamar minti biyar kowa. Takardar karatu tana da hawa huɗu: baƙaƙe, kalmomi, jimloli huɗu gajeru, sai ɗan labari da tambayoyi biyu. A fara da jimlolin. In ya karanta, a hau zuwa labari, in ya kasa a sauka zuwa kalmomi, in ya sake kasawa a sauka zuwa baƙaƙe. A rubuta mataki mafi girma da ya iya, ba maki ba. Lissafi ma haka: gane lambobi, tarawa mai ɗauka, ɗebewa mai aro, ninkawa, rabawa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan hanya, shirin Makaranta Don Kowa na JICA, hukumar taimakon raya ƙasashe ta Japan, wanda ya fara a Tawa a 2004, shi ma ya koya wa kwamitoci gwada yara da nuna wa iyaye sakamako.

Abu biyu suna ɓata awon tun farko. In malamin aji ne ya gwada yaransa, tausayi ko tsoron insifekta zai sa ya taimaka, don haka malamai su yi musanyar aji. In kuma takarda ɗaya aka maimaita, yara za su hardace ta, ku ɗauka karatu ne. Ku shirya uku masu nauyi ɗaya, tsawon labari ɗaya, irin kalmomi ɗaya. Wanda ya auna hatsi da tiya bara, bana ya auna da wani kwano, ba zai san ko rumbunsa ya ƙaru ba.

Yanzu lissafin, nan ne mutane suke ruɗewa. A ce aji biyu ne, kowane yara 60. A na farko 40 suna karanta labari a Oktoba, a Mayu 44. A na biyu 12 ne a Oktoba, a Mayu 30. Ranar biki na farko za a yaba, alhali malamin na biyu ya ɗaga yara 18, wancan 4. Amma kar ka yi saurin zargin na farko. Waɗanda suka kai ƙarshen takarda ba su da inda za su hau, awon ba ya ganin ƙaruwarsu, sai an ba su labari mai wuya. Ka duba ashirin ɗin da suka rage masa: nawa ne suka tashi daga baƙaƙe zuwa kalmomi? Shi ya sa ake rubuta kowane yaro da sunansa a rajista, layi ɗaya, gurbi uku.

Babbar yaudara ita ce yaran da suka ɓace. In 60 suka fara, 48 suka gama, kuma masu rauni ne suka tafi, yarinya aka yi mata aure, yaro ya bi kasuwa ko ya ƙetara Najeriya, kason masu karatu zai hau ba tare da an koya wa kowa komai ba. Ku raba da adadin Oktoba, ku rubuta waɗanda suka fita daban, maza daban mata daban. Haka sakamakon sartifika, jarrabawar gama firamare, wadda aka maido a 2024 bayan shekarun da aka yi babu ita: in aka ce makaranta ta ci 90 cikin 100, tambayi yara nawa ne a CM2, nawa aka kai jarrabawa.

Idan sakamako ya hau zuwa ofishin insifekta, adalci shi ne a gwada makaranta da irinta. Ajin zana da ba a kafa shi sai an gama girbi an sami kara, bai yi kwanakin ajin siminti na cikin gari ba. A rubuta kusa da kowane sakamako kwana nawa aka yi karatu, har da na yajin aikin malaman kwantiragi, da yawan yara, da littafi nawa ne. Kuma kar a ɗaura awon nan da horon malami. Ranar da aka yi haka, lambobin za su gyaru a takarda, yara kuwa suna inda suke. Wurin awon shi ne CAPED, taron da malamai suke yi don ƙara wa juna sani, inda za a ga wane mataki ne ya fi riƙe yara.

Bayan awon Oktoba ku kira taron iyaye, ku zana matakan a allo da yawan yaran kowane, ba suna. Ku raba yaran bisa mataki, ba bisa aji ba, su riƙa samun awa ɗaya ta ƙari a ranakun da kuka tsayar, a lokacin da ba zai ci makarantar allo ba. A kasafin kwamiti kuma ku ware kaye uku na daban tun yanzu, na yaran da suka fi hawa tsakanin Oktoba da Mayu, a kira su rana ɗaya da na ɗaya.