Fenti Ba Ya Ba Da Shaida: Tambayoyinku Kan Gwanjon Tsofaffin Motocin Amurka

Wasiƙun wannan karon yawancinsu a kan tsofaffin motocin Amurka ne, na tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, masu manyan injina, waɗanda ake gyarawa a kai gwanjo. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Ina kallon gwanjon motoci na Amurka. Sai in ga Plymouth Barracuda guda biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, duk suna ƙyalli, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau goma ko fiye. Me masu tayin suke gani da ni ban gani ba?

Malam, abin da suke saye ba ya cikin ƙyallin. Suna sayen yadda motar ta fito daga kamfani ne, da hujjar da ke tabbatar da hakan. Ɗauki lambar shasi ta motocin Chrysler na 1970, wato Plymouth da Dodge. Idan ta fara da BS23R0B, kowane harafi magana yake yi: B na farko Barracuda ne, S na nufin samfurin 'Cuda, 23 ƙofa biyu mai rufin ƙarfe, R babban injin nan mai tsada da ake kira Hemi 426, sifiri shekarar 1970, B na ƙarshe kuma masana'antar Hamtramck da ke Michigan. Idan harafi na biyar G ne maimakon R, motar da ƙaramin injin 318 aka haife ta. Ko an ɗora mata Hemi daga baya, an yi mata ratsin fenti da tambari, a kasuwa sunanta kwaikwayo.

Ƙarancin abu shi ke ɗaga kuɗinsa. Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 ba a ƙera fiye da 12 ba, kuma ɗaya daga cikinsu ta tafi a dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle a 2014. A shekarar ce kuma Corvette L88 ta 1967, wadda guda 20 kacal aka yi, ta kai dala miliyan 3.85 a gwanjon Barrett-Jackson na Scottsdale. Kwaikwayon ba laifi ba ne idan an faɗa, kuma ga mai son tuƙi ya fi daɗin sha'ani, tunda ba zai riƙa tsoron kowane rami ba. Matsalar tana farawa ne ranar da aka sayar da kwaikwayo da sunan asali.

Tambaya daga wani mai gareji a Kaduna: Ina yawan ganin an rubuta cewa lambobin mota "sun dace". Waɗanne lambobi ne, kuma ta yaya ake gane an buga na jabu?

Maigida, ma'anar ita ce injin da giyar da ke cikin motar su ne waɗanda kamfani ya saka mata tun farko. Bari mu yi misali da Chevrolet Camaro Z/28 ta 1969, don tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. A gaban bulok ɗin injin, wato gangar jikinsa, ɓangaren fasinja, daidai inda kan silinda ya ƙare, akwai ɗan fili mai santsi da aka buga lamba a kai. Za ka ga abu kamar V0219DZ. V masana'antar Flint ce, 0219 na nufin an haɗa injin ran 19 ga Fabrairu, DZ kuma alamar injin 302 ne na Z/28. Ban da wannan, akwai guntun lambar shasin motar da aka buga a jikin bulok, ko a wannan fili ko a ƙasa kusa da matatar mai. Dole ƙarshen wannan lamba ya yi daidai da na farantin da ke kan dashbod.

To amma lamba kowa na iya bugawa, akwai masu sayar da ƙarafan bugun. Shi ya sa ake duba abubuwa uku bayan lambar.

Na farko fuskar filin kansa. Na'urar kamfani tana barin siraran layuka miƙaƙƙu, daga gaban injin zuwa bayansa. Idan an kai bulok wurin masu gogar inji aka share fuskar, layukan sukan koma masu lanƙwasa kamar zagaye, ko su ɓace. Sai a goge fenti da tsumma da tina, ba da takardar yashi ba, a haska tocila daga gefe, a duba da gilashin ƙara girma. Fili mai sabon gogi ɗauke da tsohuwar lamba abin tuhuma ne. Wani lokaci dalilin na gaskiya ne, an gyara injin a shekarun baya aka share lambar, mai shi ya mayar. Duk da haka farashinsa ba zai kai na wanda ba a taɓa ba.

Na biyu kwanan wata. A bayan bulok akwai ranar da aka zuba ƙarfen, kuma ita a tashe take, ba bugawa aka yi ba. B 12 9 na nufin 12 ga Fabrairu 1969. A kan farantin bodi da ke bangon ɗakin inji kuma za ka ga misali 02D, wato mako na huɗu na Fabrairu. Jerin dole ya tafi haka: zubi, sannan haɗa inji, sannan haɗa mota. Tazarar yawanci kwanaki ne zuwa 'yan makonni. Ɗa ba ya girme uwarsa, amma a nan injin ne ya kamata ya girme motar. Idan aka zuba bulok a watan Mayu, motar kuma ta fito a Fabrairu, magana ta ƙare. Haka ake bi da kan silinda, kafireta, janareta, da akwatin difaransha na baya, kowanne da ranarsa.

Na uku siffar haruffan. Kamfani yana jera haruffa a mariƙi ɗaya ne ya buga gaba ɗaya, don haka motocin da aka haɗa a mako ɗaya suna da tazara iri ɗaya da lahani iri ɗaya. Masu bincike suna ajiye hotunan bugun asali suna kwatantawa. Wannan aikin ƙwararre ne, ido kawai ba ya yi.

Tambaya daga wani ɗan uwa mazaunin Ohio: An tallata mini Chevrolet Chevelle ta 1970, an ce samfurin SS ce mai babban injin da ake kira LS6. Gyaran ya yi kyau ƙwarai, amma mai ita ya ce takardu sun ɓace. In shiga?

Alhaji, ka shiga da kuɗin Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, mai babban inji, kada ka shiga da kuɗin LS6. Dalili kuwa shi ne, kafin 1972 lambar shasin Chevrolet ba ta faɗar wane inji aka saka, iyakarta ta nuna silinda shida ne ko takwas. Malibu ta talakawa mai silinda takwas da SS 454 LS6 mai ƙarfin doki 450 duk da 13637 suke farawa. An ƙera LS6 guda 4,475, kuma masu harkar suna barkwancin cewa waɗanda suka rage yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

Abin da ke raba gardama ita ce takardar haɗi, wadda ma'aikata suke bi a layin ƙira. Sukan cusa ta a cikin motar su manta: cikin wayoyin kujerar baya, ƙarƙashin kafet, bayan kwalin ƙofa, ko saman tankin mai. Sai ƙaramin farantin garanti da ake kira Protect-O-Plate, mai ɗauke da lambar inji da sunan mai saye na farko, sai rasidin dila. Su ma ana yin na jabu, har a jiƙa takarda da shayi ta yi kamar ta tsufa, don haka a sa wanda ya san rubutun injin buga takardu na masana'antar ya duba.

Sauran kamfanonin sun fi sauƙi. Ga Ford daga 1967, rahoton da ake kira Marti Report yana fito da bayanin motar daga kundin kamfanin: launi, inji, giya, ranar ƙira da dilan da ya karɓa. Ga Pontiac akwai cibiyar adana takardu ta PHS mai ba da kwafin rasidin kamfani, kuma yana da muhimmanci ga GTO ta 1964 da 1965, lokacin da GTO ƙari ce kawai a kan LeMans ba ta da lambar kanta. Motocin Shelby suna da rajistar SAAC, ƙungiyar masu irin waɗannan motoci. Corvette daga 1967 tana da takarda manne a saman tanki, ga kuma alƙalancin NCRS, ƙungiyar masu gyaran Corvette. Kada ka dogara da Carfax, kamfanin da ke ba da tarihin mota, don lambar shasi mai haruffa 17 da yake aiki da ita sai 1981 ta fara. Agogon tafiya ma gurbi biyar gare shi, yana komawa sifiri bayan mil 99,999, saboda haka mil 40,000 na iya zama 140,000.

Tambaya daga wani mai gyaran bodi a Maradi: Idan tsatsa ta cinye mota aka canza mata kusan duk jiki, har yanzu ita ce?

Nan ne ake rigima, Malam. Canza bene, fuka-fukan baya da ƙasan but gyara ne karɓaɓɓe, musamman ga motocin jihohin arewa inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Amma cire farantin lambar shasi daga ruɓaɓɓiyar mota mai tsada a manna wa lafiyayyen jikin mota mai araha, wannan sauya jiki ne, kuma taɓa lambar shasi da nufin ɓoye asalin mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka. Yau ma ana sayar da sabon bodi cikakke na Camaro da Mustang na ƙarshen shekarun 1960, irin na kamfanin Dynacorn, abin da ya ƙara sauƙaƙa aikin.

Ana kama shi ta ɓoyayyun lambobi. Barracuda da Challenger suna da guntun lambar a ƙarfen da ke riƙe lagireto da kuma gindin gilashin gaba. Camaro tana da ita a ƙarƙashin murfin gindin gilashi da bayan fankar hita. Mustang a saman bangon ɗakin inji, inda fuka-fukin gaba ya rufe. Duba bayan wurin da madubi: idan akwai zagayen walda kewaye da lambar, yanko ta aka yi aka dasa. Duba ƙusoshin farantin dashbod, na kamfani kansu kamar fure yake. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce mai ɗan rami, tazararta ba daidai ba. Ta gareji a cike take, an goge ta sumul. Don gane fila, wato abin da ake shafawa a cike lotsewa kafin fenti, na'urar auna kaurin fenti ta fi maganaɗisu. Karatun da ya haura maikiron 1,000, wato milimita ɗaya, yawanci fila ne, ba fenti kawai ba. Corvette kuwa jikinta faiba ne, maganaɗisu ba ya kama ta, sai a leƙa bayan bangarorin a ga ɗinkin haɗi da kuma firam ɗin ƙarfe a gaban tayoyin baya, inda take ruɓewa.

Tambaya daga wata mai karatu a Abuja: Kuɗin da ake kira lokacin buga guduma shi ne ake biya? Kuma me ya sa wata motar ake ta tayi amma a ce ba a sayar ba?

Hajiya, akwai la'ada a kai. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an buga mata guduma a dala miliyan 3.4 a gwanjon Mecum na Kissimmee a Janairun 2020, amma da la'adar kashi 10 cikin 100 ta zama miliyan 3.74. Gidan gwanjon RM Sotheby's a Amurka yana karɓar kashi 12 a kan dala 250,000 na farko, kashi 10 a kan abin da ya haura, don haka gudumar 300,000 ta zama 335,000. Ba a sa kuɗin ɗauko mota, inshora da harajin rajista ba. Mai sayarwa shi ma ana cire masa tasa la'adar da kuɗin shiga.

Wadda ba a sayar ba kuwa, mai ita ya ajiye farashin da ƙasa da shi albarka ce. Idan tayi bai kai ba, ya koma da abarsa. A kula, sharuɗɗan gidajen gwanjo da yawa sun ba mai shela damar yin tayi a madadin mai mota har zuwa dab da wannan farashi, abu mai kama da najashin da malaman fiƙihu suka hana. Saboda haka "an taya ta dala 90,000 ba a sallama ba" ba hujja ce ta darajar mota ba. A kwatanta da waɗanda aka sallama kawai, masu inji iri ɗaya, giya iri ɗaya, hali iri ɗaya. Ma'aunin Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, yana raba halin mota gida huɗu, daga 1 ta gasar nuni zuwa 4 mai lahani a fili. Kuma bayanin da ke kundin gwanjo yawanci na mai motar ne, ana sayarwa a yadda take, don haka bincike kafin ranar guduma ake yin sa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: In sayi ruɓaɓɓiya in gyara in kai gwanjo, akwai riba?

Da wuya, Malam. A ce aikin ya ci awa 1,500 a kan dala 100 kowace awa, ka kashe 150,000 kafin kayan gyara, kuma kuɗin gyaran Malibu da na LS6 kusan ɗaya ne. Gyara yana mayar da kuɗinsa ne kawai a kan motar da asalinta ke da tsada kuma take da takardu. Kasuwar ma tana faɗuwa: farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabi zuwa 2007, sannan ya rikito da rikicin kuɗi na 2008.

Idan kuma ka samu wadda fentinta da kujerunta na kamfani ne, ko sun koɗe, kada ka taɓa su. Mustang ɗin da muka ambata da tsatsarta da lotsewarta aka sayar da ita. Ka gyara birki, ka canza robobin mai da tayoyi, ka saka tsofaffin kayan da ka cire a kwali tare da hoton kowanne kafin a kwance shi.