Shanyewar jiki ta ɗauke wa mahaifinmu magana: hankalinsa ne ya gushe?

Tambaya: Wata takwas ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Ya fara takawa da sanda, amma maganarsa ba ta dawo ba. Zai so ya ce ruwa sai wata kalma ta fito, ko da yake yana karanta Fatiha sarai. Wasu dangi na cewa hankalinsa ya gushe. Haka ne? Kuma lokacin magani bai wuce ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Abin da kika bayyana ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira afeziya, wato rauni wajen furta magana ko fahimtarta, har da karatu da rubutu, sakamakon lahani a ƙwaƙwalwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda shanyewar jiki ta kama suna samunta, kuma ta fi zuwa tare da mutuwar ɓarin dama, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannu da ƙafar dama, kuma a wurin yawancin mutane nan harshe yake. Tun a 1861 likitan Faransa Paul Broca ya yi bayanin wani majiyyaci a Paris wanda ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa.

Maganar dangi kuwa ban yarda da ita ba. A 2005 mai bincike Rosemary Varley da abokan aikinta a Ingila sun gwada maza uku masu afeziya mai tsanani, waɗanda tsarin jimla ya ɓace musu, suka tarar suna warware lissafi idan an rubuta musu shi da lambobi. Mai wannan lalura yakan san 'ya'yansa, ya san abin da yake so, kalmar ce ke ƙin zuwa. Gaskiya ne shanyewar jiki kan taɓa natsuwa ko tunawa a wurin wasu, amma gwajin ƙwararre ne ke tantance haka. Fatihar da yake karantawa ma sananniyar alama ce, domin abin da baki ya saba da shi tun ƙuruciya, kamar ƙirga da gaisuwa da addu'a, yakan tsira ko da sabuwar magana ta gagara.

Lokaci bai wuce ba. An fi samun sauƙi a watannin farko, amma binciken da aka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 2017, wanda aka gudanar a Jamus kan mutum 156 da suka haura wata shida da lalurar, ya nuna cewa horon magana na aƙalla awa 10 a mako har tsawon mako uku ya inganta yadda suke isar da saƙo a rayuwar yau da kullum. Ba a yi alkawarin warkewa baki ɗaya ba, ci gaba ne mai ma'ana.

Masana gyaran magana ba su da yawa a asibitocinmu, saboda haka ku roƙi likitansa ya tura ku wurin wanda ake da shi, kuma a yi horon da harshen da Baba ya fi amfani da shi. Sauran aikin na gida ne, kuma masaniyar gyaran magana Aura Kagan ta birnin Toronto ta nuna cewa horar da abokan hira yana sauƙaƙa wa majiyyaci shiga zance. Ku kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana da gajerun jimloli, a ba shi lokaci kafin a ƙarasa masa kalma, a yi tambayar da amsarta e ko a'a ce, a haɗa da nuni da hoto. Kada a ɗaga masa murya, don ba kurma ba ne, kada kuma a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Idan kuka ga ya daina cin abinci ko yana guje wa mutane, ku sanar da likita, domin ciwon damuwa ya yawaita a tsakanin masu afeziya kuma yana da magani.