Ku Tambayi Baba Fasto: Kazar Lahadi ta fara tsaya min a wuya

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni matashi ne a nan Maraɗi, ina riƙe da makullin mangaza a wani porje da ke raba iri da taki ga manoma, ni ke ƙirga buhu in sa hannu kafin a biya mai kawo kaya. To akwai wani ɗan kasuwa cikin masu kawo mana kaya, majami'armu ɗaya ma, wata huɗu ke nan duk Lahadi in an tashi sujada sai ya ce mu wuce gida ni da madam, a shigar da mu falo mai sanyi a jere mana kaza da shinkafa da lemu, in za mu tafi a ƙunsa mana kilishi. A Kirsimeti ya ba ni sabuwar waya, yanzu kuma yana maganar moto. Har yau bai roƙe ni komi ba, amma satin jiya da motarsa ta kawo taki na ga buhu shida sun yi rashin nauyi sai na ji bakina ya mutu, na kasa magana. Madam ta ce zargi ne ke damuna, Allah ne ya buɗe mana ƙofa. Baba zunubi ne in ci gaba da zuwa?
Ɗanka cikin Ubangiji, unguwar Zariya

AMSA: Ɗana sannu, kuma na gode da ba ka ɓoye maganar buhu shidan nan ba dan a nan amsarka take. Ka ce bai roƙe ka komi ba, to me zai roƙa kuma tunda bakinka ya mutu da kansa? Hausawa sun gama magana da suka ce in baki ya ci ido sai ya ji kunya.

Ɗauko Littafi Mai Tsarki ka buɗe Karin Magana sura 23, aya 1 zuwa 3, kamar da kai ake. Ana gargaɗin wanda ya zauna cin abinci da mai mulki cewa ya lura sosai da abin da ke gabansa, in ya san shi mai haɗama ne ya sa wa maƙoshinsa wuƙa, kada ya yi kwaɗayin kayan daɗin nan dan abinci ne mai ruɗi. Lura fa, ba a ce kar ka zauna ba, ba a ce ka tashi ka fice kana tsaki ba, cewa aka yi ka zauna da idonka buɗe. Kuma wuƙar a maƙoshinka aka ce ka sa ba a na mai gida ba, wannan shi ne wurin da mutane ba sa son ji, kowa ya fi son a ce masa mai kuɗin ne mugu. In ka gangara aya 6 zuwa 8 za ka tarar da wani irin mai masauki da ke ce maka ci ka sha alhali zuciyarsa lissafi take, ƙarshe ɗan abin da ka ci sai ka amayar da shi. Ni ban ce ɗan'uwan nan naka haka yake ba, ban san zuciyarsa ba, kai ma ba ka sani ba. Akwai masu hannu sake da Allah ya yi su haka, Ibraniyawa 13:2 ma cewa ta yi kar a daina karɓar baƙi, Yesu da kansa ya sauka gidan Zakka mai kuɗi. Amma tambayi kanka, mutum nawa ne a majami'arku da ba su da makullin mangaza, nawa cikinsu suka taɓa ganin falon nan? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Daniyel ya fi ka shiga tsaka mai wuya, shi a fadar Nebukadnezzar yake a Babila, bawa ne da aka kwaso daga ƙasarsu, an yanka masa rabo daga abincin sarki da ruwan inabinsa har shekara 3 na horo. Abin da nake so a labarin shi ne ladabinsa, bai yi wa kowa wa'azi ba bai kifar da akushi ba, roƙo ya yi a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Kai ma za ka iya gwaji irin wannan. Lahadi mai zuwa ka ce wa ɗan kasuwan Baba mun gode yau gida za mu, Litinin kuma ka sa a ɗora buhunan nan shida kan sikeli a gaban shugabanka, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Daga nan sai ka duba fuskar ɗan kasuwan. In don Allah yake yi zai ce ɗana ka kyauta a cika abin da ya rage, in kuma gaisuwa ta fara sanyi to ka san kuɗin me kake ci wata huɗu.

Moton kuwa kar ka karɓa, a nan ba ni da wani kwana-kwana. Tuna Gehazi baran annabi Elisha a 2 Sarakuna sura 5, maigidansa ya ƙi kyautar Na'aman, shugaban sojan Suriya da ya warke daga kuturta, shi kuma Gehazi ya bi karusa da gudu ya yanko ƙarya ya karɓo talanti 2 (babban awon nauyi ne) na azurfa da riguna 2 ya ɓoye a gida, da ya dawo Elisha ya tambaye shi ina ka fito ya ce ban je ko'ina ba. Ka ga yadda abin ke tafiya, kyauta tukuna sannan ɓoyo sannan ƙarya. Shin shugabanka na aiki ya san wa ya saya maka wayar da ke aljihunka? In amsar a'a ce to ka riga ka taka mataki na biyu. Ka gaya masa da bakinka kafin wani ya riga ka, Maraɗi ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta.

Madam kuma kar ka yi mata faɗa, mace ce da ta ga an mutunta mijinta ta ji daɗi, wa zai ƙi? Zaunar da ita da dare ka ce mata manomi na can wajen Dakoro ko Madarunfa yana jiran buhun nan cikakke, kuma sa hannun da ke kan takardar ba na mai kaza ba ne, naka ne, in bincike ya zo kai za a kira. Sannan wata Lahadi ku ne za ku gayyace shi, ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka ku shimfiɗa masa tabarma a tsakar gidanku. Ka rubuto min in ya zo, ina son in ji ko ya ci.