Tsonewa Daban, Tsiyayewa Daban

Wani mai karatu daga Agege ya rubuto cewa an naushi ƙaninsa a ido wajen rigimar kasuwa. A ofishin 'yan sanda ya ce "an tsone masa ido", aka fassara, aka ɗauki abin da wasa. Yana tambaya: tsakanin tsonewa da tsiyayewa, wace kalma ce daidai?

Malam, Allah Ya ba ƙanin naka lafiya. Tsonewa ita ce yatsa ko tsinke ya taɓi ido, ya yi zafi, ya yi hawaye. Shi ya sa ake cewa hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, don haki ƙaramin abu ne. Tsiyayewa kuwa daga tsiyayar ruwa take, wato ƙwayar ido ta fashe, ruwanta ya zube, gani ya tafi. Tsakaninsu akwai taruwar jini, kuma nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Jinin da ya kwanta a farin ido yana da ban tsoro, amma yakan washe cikin mako 2 zuwa 3. Wanda ya taru a gaban baƙin ido shi ne mai haɗari, domin yana iya ɗaga matsin ido ya kashe jijiyar gani, musamman ga mai sikila.

Wannan bambanci ba na baki kawai ba ne. A dokar laifuka ta Jihar Legas, raunin da ya nakasa gaɓa ko gani babban laifi ne mai ɗaurin shekara 7, kuma alƙali rahoton likita yake dubawa: ƙarfin ganin kowane ido, wurin raunin, da irin abin da zai iya jawo shi. Don haka kada ku tsaya ɗiga ruwan albasa ko tofi, ku kai shi wurin likitan ido yau, kamar sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba. Ku adana takardun, ku koma ranar da aka ce, tun da wata ɓarnar a can cikin ido sai daga baya take bayyana.

A wasiƙarka ka kuma tambayi ma'anar karin maganar "mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho." Tana nufin mutum ba ya sanin ni'imar da yake ciki sai ya ga wanda ya rasa. Fiƙihu ma ya san darajar wannan ido: diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, amma a mazhabar Malikiyya, wanda ya tsiyaye wa mai ido ɗaya idonsa mai gani, cikakkiyar diyya ce a kansa.