Yadda ake ɗaura likkafar igiya a sandunan hawa bishiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka, kuma bana na fara farautar barewa daga kan bishiya. Sandunan hawa uku gare ni, irin masu matakai da ake ɗaurewa a jikin bishiya a taka a hau, amma ba sa kai ni sama yadda nake so. An ce in ƙara musu likkafar igiya, wato madaukin igiya da ake ratayawa a jikin sanda don a samu ƙarin wurin takawa. A ina zan ɗaura ta, kuma babu haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haɗari akwai, kuma ya fi yawa wajen saukowa. Da almuru, cikin sanyin Nuwamba, da ƙaton takalmi a ƙafa, kana laluben igiyar da ke lilo ba ka ganinta. Da wannan lokacin za ka auna duk abin da ka ɗaura.

Ka fara duba takardar kamfanin da ya ƙera sandunan. Yawancinsu an yi su ne don nauyin fam 300, kimanin kilo 136, har da kayan jikinka, kuma wasu kamfanonin ba su yarda a ƙara musu komai ba. Kada ka huda sandar da kanka.

Wurin ɗauri shi ne jikin sandar, dab da saman matakin ƙasa, yadda nauyinka zai sauka a tsakiya. In ka rataya ta a gefe ɗaya na matakin, sandar na iya karkacewa ta zame daga jikin bishiyar. Ka shafa wurin da yatsa. In akwai kaifi, zai ci igiyar sannu a hankali. Ni na fi son likkafar da aka ɗinka a masana'anta. In kuwa igiyar Amsteel ce, wato wata igiya mai ƙarfi ta zaren roba, santsi gare ta, ƙulli ba ya riƙe ta sosai, saƙa bakinta ake yi. Ka zura guntun tiyo a wurin takawa don bakin ya zauna a buɗe.

Shawarata, likkafa mai mataki biyu ko uku ta tsaya a sandar farko, kusa da ƙasa. Na sama, mataki ɗaya ya isa. Tazarar kuma kada ta wuce yadda za ka ɗaga ƙafa cikin kayan sanyi ba tare da yunƙuri ba.

Bayan ka ɗaure sanda, ja ta ƙasa da ƙarfi har haƙoranta su kama ɓawo kafin ka taka. Sa ƙafa sosai cikin likkafar, kan takalminka ya tokare bishiyar, nan ne lilon ke tsayawa. Igiyar ɗamara da ke zagaye bishiya ta kasance a jikinka tun kana ƙasa har ka dawo ƙasa, a sama da ƙugunka, babu sako-sako. Wannan ba ni da sassauci a kai. Baka ko bindiga kuwa da igiya ake jawo su bayan ka daidaita, bindigar babu harsashi.

Farautar baka a Mishigan tana buɗewa 1 ga Oktoba, ta bindiga 15 ga Nuwamba. Kafin nan ka yi ta gwaji da sanda ɗaya, da rana sannan da fitilar goshi, wani na tsaye kusa da kai. Duk fita ka duba ɗinki da ƙulli, wadda ta fara tsintsinkewa ka jefar da ita.