Waƙar da ɗana ya maƙale wa

Tambaya: Anti, barka da aiki. Tun da mahaifinsu ya rasu bara, babban ɗana mai shekara 19 ya kama tuƙin A Daidaita Sahu, shi ke yi mana cefane. Amma kullum ya dawo da daddare sai ya kunna wata waƙa a waya, ya yi ta maimaita ta har barci ya kwashe shi. Ƙanwarsa ta ce sunanta "Dear Mama", ta wani Tupac. Ni ba na jin Turanci, kuma an ce waƙoƙin 'yan daba ne. In hana shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan maigida, 'yar'uwa. Kar ki hana shi tukuna. Waƙar nan na san ta tun zamanin kaset, ƙanena ya ƙarar mini da batirin rediyo a kanta.

Tupac Shakur baƙar fata ne ɗan Amurka, mawaƙin gambarar zamani, kuma mahaifiyarsa Afeni ya yi wa waƙar. Da cikinsa aka tsare ta a New York saboda fafutukar ƙungiyar Black Panther, mai neman haƙƙin baƙar fata a Amurka. Ta tsaya gaban kotu ta kare kanta ba lauya, aka wanke ta a watan Mayun 1971, ta haife shi a watan Yuni. Ita kaɗai ta rene shi, uba ya yi layar zana. Daga baya hodar iblis ta kama ta, kuma bai ɓoye wannan ba. Ya faɗi yadda take dawowa aiki a gajiye ta haɗa musu abinci da ɗan abin da ya samu, da yadda suka yi ta faɗa har ya bar gida, sannan ya gode mata. Ranar da waƙar ta fito a 1995 shi kansa yana gidan yari.

Ba zan rufe ki ba, a ciki ya ce ya sayar da ƙwaya, kuma harbe shi aka yi a Las Vegas a 1996 yana da shekara 25. Wannan ɓangaren ki sa ido, ki san da wa yaronki yake zama a tasha. Amma a ganina ke yake tunani, kunya ce ta hana shi faɗa da baki.

Yau in kin zuba masa tuwo, zauna kusa ki ce ya fassara miki baiti na farko.